Tambaya da Amsa: Ɗana zai tafi Jado, me ke jiransa a rairayi?

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙu huɗu na ware wannan karon, kuma dukkansu hamada suka dosa. Ga wanda bai san ni ba, ni ma'aikacin jinya ne da ya ajiye aiki, ina zaune a Gangare, nan cikin Jos. Yawancin shekarun aikina na yi su ne a gangaren Filato, wajajen Langtang da Shendam, inda saran maciji yake zama kamar zazzaɓi da zarar an fara sharar gona. Hamada kuwa na taka ta ina saurayi, lokacin da na bi kawuna mai fataucin dabino da kanwa har Agadas, sau biyu.

TAMBAYA, daga wata uwa a Unguwar Rogo: Malam, ɗana na fari aikin kuza yake yi a wajajen Barikin Ladi. Aikin ya ja baya, yanzu ya dage sai ya bi abokansa Nijar haƙar zinare, wani wuri wai shi Jado. Na yi faɗa, na yi lallashi, ya ce bayan Sallah zai tashi. An ce mini akwai mugayen namun daji a can. Tunda ba zan iya hana shi ba, me zan ce masa ya kiyaya?

AMSA: Hajiya, Allah ya kwantar miki da hankali, ya tsare shi. Zan fara da abin da ke raina: da ɗana ne, da ban daina lallashi ba tukuna. Jado tana can ƙuryar arewa maso gabashin Nijar, tafiyar kwanaki ce daga Agadas cikin rairayin Tenere, kuma tun 2014 da aka gano zinare a wurin samari ke kwarara. Abin da ya fi damuna da wurin shi ne nisansa da babban asibiti. Saran da a Jos za a yi maganinsa kafin la'asar, a can yana iya zama ajali, don kawai babu inda za a kai mutum cikin lokaci.

Na san da kika ce namun daji, zaki da kura ne suka zo miki a rai. Ki sauke wannan. Abubuwan da za su iya cutar da ɗanki duk suna iya shiga cikin takalminsa su ɓuya.

Mu fara da kunama, don ita ce zai fi haɗuwa da ita. Mu nan mun saba da harbin da ke hana mutum barci dare guda, gari ya waye ya tafi aikinsa. Mun kuma san duwu, baƙar nan ƙatuwa mai manyan hannuwa, wadda ganinta ya fi harbinta tsoro. Ta hamada ba haka take ba. Yawancinsu launin rairayi ne da su, rawaya-rawaya, hannuwansu sirara, wasu kuma wutsiyarsu kauri gare ta. Ki ce masa ya riƙe wannan: mai manyan hannuwa da ƙarfi take kama abincinta, mai siraran hannuwa kuwa da dafi ta dogara. Akwai wani jinsi da masana ke kira Androktonus, sunan daga harshen Girka yake, ma'anarsa mai kashe mutum, kuma ba don wasa aka raɗa masa ba. Dafinsu jijiyoyi yake kamawa, ya hargitsa bugun zuciya, wani lokaci ya tara ruwa a huhu.

Namiji ƙosasshe kamar ɗanki, mafi yawan lokuta azaba zai sha, wurin ya yi zugi kamar an ɗora garwashi, ya yi sanyi-sanyi da tsikar jiki, sannan ya lafa. Amma idan aka ga gumi na tsiyaya, yawu na dalala, amai, jiki na karkarwa, numfashi na sama-sama, to magana ta wuce ta haƙuri, sai asibiti. Yara ƙanana su ne kunamar hamada ta fi kashewa, saboda dafin da babban jiki zai ɗauka ya fi ƙarfin ƙaramin jiki. A watan Nuwamba na 2021 an yi ruwa mai ƙarfi a Aswan ta ƙasar Masar, ruwan ya koro kunamu daga ramukansu zuwa cikin gidaje, mutum fiye da 500 aka kai asibiti da harbi. Na kawo wannan ne don ya san ranar da aka yi ruwa ko iska mai ƙarfi, daren nan na ninka kula ne.

A tafiyata ta biyu mun yada zango tsakanin Tanut da Adarbisanat. Yaron motarmu ya shimfiɗa bargonsa tun magariba ya tafi shan shayi, ya dawo ya faɗa ciki ba tare da ya kakkaɓe ba. Ihunsa ne ya tashe mu. A cinya ta same shi. Na zauna kusa da shi har asuba ina sa masa tsumma mai ruwa, yana gumi cikin sanyin da ya fi na Jos a watan Disamba. Allah ya ba shi kwana, amma tun daga ranar ban sake saka ƙafa a takalmi ba sai na buga shi a ƙasa, ko a ɗakina ne.

Sai abin ƙasa, kamar yadda iyayenmu ke sakaya sunansa da dare. A tsakiyar rairayi akwai wani gajeren maciji, bai cika wuce kamu biyu ba, da yawansu da ɗan ƙaho a saman kowane ido. Yana girgiza jikinsa ya nutse cikin rairayi, ya bar idanu kawai a waje. Mutum zai iya tsayawa taku ɗaya da shi bai gani ba. Ba ya tafiya miƙe, gefe-gefe yake jefa jikinsa, shi ya sa sawunsa ke fita layi-layi a karkace, ba a haɗe ba. Wani Buzu da ke cikin ayarinmu shi ya fara nuna mini wannan sawun da safe, ya bi shi da sanda har gindin wata ciyawa inda daren jiya na kusa sa hannu neman kirare. Ya ce a hamada sanda ke fara gaisawa da itace kafin hannu.

A wuraren duwatsu da tsakuwa da bakin hamada kuwa, akwai dangin kububuwa, wadda wasu ke kira gobe-da-nisa. Wannan na san ta kamar yunwar cikina, don 'yar'uwarta ce ta cika mana gadaje a Langtang. Ƙarama ce, mai saurin fushi. Idan ta ji motsi sai ta naɗe tana goga jikinta, ya ba da wata ƙara kamar an ɗiga ruwa a kasko mai zafi. Wanda ya ji wannan ƙarar da dare ya tsaya cak, ya haska, ya ja da baya.

Hajiya, ki karanta masa wannan sashen sau biyu. Sharrin kububuwa shi ne ba ta kayar da mutum nan take. Wurin zai kumbura, ya yi ciwo, amma mutum yana magana, yana cin abinci, har ya ce ya ji sauƙi. A ciki kuwa dafin yana cinye abin da ke sa jini ya daskare. Bayan sa'o'i, ko kwana ɗaya, sai dasashi ya fara jini, tsohon miki ya buɗe, fitsari ya yi ja. Na tuna wani manomi da aka kawo mana a kwana na uku. An ɗaure masa ƙafa da robar tayar keke, an tsattsaga wurin da reza, an cusa garin magani. Kowace tsaga jini take yi ba tsayawa, ƙafar kuma daga ɗaurin zuwa ƙasa ta yi baƙi. Mun samu ransa da allurar kashe dafi, amma ƙafar ba ta tsira ba, kuma ɗaurin ne ya ci ta. Har yau idan na tuna matarsa zaune a bakin ƙofa da goyo, raina yana ɓaci, don abin da ya raba mijinta da ƙafa 'yan'uwansa ne suka yi masa da niyyar taimako. Cikin waɗanda kububuwa ta sara ba a yi musu allura ba, ana rasa 10 zuwa 20 cikin ɗari. Idan an yi allurar da ta dace cikin lokaci, ƙalilan ne ke mutuwa.

To idan tsautsayi ya faɗa, ga abin da abokan tafiyarsa za su yi. A janye shi daga wurin, kada a tsaya farautar macijin, don garin kashe shi ake samun sara na biyu, kuma ko kan da aka datse yana iya cizo. A cire masa zobe, agogo, guru, kambu, duk abin da zai matse idan kumburi ya taso. A ɗaura wa ƙafar ko hannun kara ko katako kamar yadda maɗori ke yi, sakwa-sakwa, don dai kada gaɓar ta motsa. Kada ya yi tafiya da ƙafarsa, ɗaukarsa za a yi. Ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaurin roba, ba ƙuna. Don ciwo a ba shi farasitamol kaɗai. Asfirin da ibuprofen da diclofenac, waɗanda samarinmu ke sha kamar gyaɗa bayan aikin ƙarfi, suna ƙara zubar jini. Idan yana amai a kwantar da shi ta gefe. Sannan a tayar da mota zuwa asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne, ko da yana rantsuwa ya warke. A Nijar asibiti likita suke ce masa, don haka ya tambayi inda likita mafi kusa take tun ranar da ya sauka, ya kuma san wa ke da mota da mai.

Rigakafin kuwa ba shi da tsada. Ki saya masa takalmi sau-ciki mai kauri wanda ya rufe idon sawu, ki karɓe silifa daga hannunsa. Ki haɗa masa tocila biyu, ɗaya ta ɗaurawa a goshi. Yawancin sara da harbi da dare suke faruwa, lokacin da mutum ya fita kama ruwa ba haske, ba takalmi. Ki sa masa gidan sauro, ya riƙa cusa bakinsa ƙarƙashin shimfiɗa ko da babu sauro ko ɗaya, kuma in da hali ya kwana a kan abin da ya ɗaga daga ƙasa. Ya naɗe shimfiɗarsa da safe, kada ya buɗe sai zai kwanta. Aikinsa na ɗaga duwatsu ne da shiga ramuka, nan ne kuma gidan kunama da maciji, saboda haka ya juya dutse da ƙarfe, ya haska rami kafin ya sauka. Wannan ya riga ya san rabinsa daga aikin kuza.

Abu na ƙarshe, ruwa. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, bayan motocinsu sun lalace. Babu dabbar da ta taɓa su, ƙishirwa ce. Kada ya hau motar da ke tafiya ita kaɗai, kada kuma ya yarda jarkarsa ta yi nisa da shi.

TAMBAYA, daga wani direba a Farin Gada: Ina ɗaukar dankali zuwa Damagaram, wani lokaci har Agadas. Ina da baƙin dutsen nan da ake manna wa sara, wani gardi kuma ya ba ni makari na sha. Duk da haka ina tunanin in sayi allurar maciji in ajiye a mota. Ya ka gani?

AMSA: Ɗan'uwa, Allah ya kiyaye hanya. Baƙin dutsen nan ƙonannen ƙashi ne. Yana manne wa miki don yana shan danshi, kamar yadda sabon tulu ke manne wa harshe, amma dafin da ya riga ya shiga nama ba ya dawowa ta nan. Abin da ya sa mutane suka yarda da shi, da makari, shi ne ba kowane sara ne ke zuba dafi ba, kuma ba kowane maciji ne mai dafi ba. Wanda aka yi wa irin wannan saran zai warke ko an sa masa dutse ko ba a sa ba, sai yabo ya tafi ga dutsen. Wanda aka zuba wa dafi sosai kuwa ba ya nan balle ya ba da labari. Ban raina gardawa ba, sun san halin maciji fiye da ni, amma na yi jinyar masu makari da hannuna.

Batun ajiye allura a mota, ban ba ka shawara ba. Ta jijiya ake ba da ita, a hankali, mai jinya na tsaye, domin daga jinin doki ko tunkiya ake yin ta, kuma jikin wasu yana ƙin ta nan take, numfashi ya toshe, sai an yi gaggawar ba da wata allurar ta ceto. A bakin hanya wa zai yi wannan? Ga zafin mota da ke lalata magani. Sannan kowace allura da macizan da aka yi ta dominsu. EchiTAb-G, da ake yi a Birtaniya, ta kububuwarmu ce kaɗai. EchiTAb-Plus, da ake yi a Kosta Rika, ta haɗa kububuwa da kasa da kumurci mai tofi. Ba a yi su don mai ƙahon rairayi ba. An kuma sha shigo da allurar da aka yi don macizan Indiya a sayar a ƙasashenmu, a yi wa mutum kwalba bayan kwalba jini bai tsaya ba. Idan kana da kuɗin allura, ka riƙe su a aljihu don biya a asibiti.

A asibitin akwai wani gwaji mai sauƙi da ya kamata ka sani, don ka nema idan ba a yi ba. Ana ɗibar jini kaɗan a zuba a sabuwar kwalbar gilashi busasshiya, a ajiye minti 20 ba a taɓa ba, sannan a karkata. In ya daskare, alhamdu lillahi, sai a sake gwadawa bayan wasu sa'o'i. In ya zubo kamar ruwa, dafi na aiki, allura ta wajaba. A gida Najeriya, Zamko da ke Langtang da asibitin saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe sun daɗe da sanin wannan aiki. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin cututtukan da aka yi sakaci da su, ta kuma ƙiyasta yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 kowace shekara.

Kai da kake kwana a bakin hanya, ka kwana cikin mota ko a saman kaya, ba a ƙarƙashinta ba. Kuma idan kumurci ya yi maka tofi a ido, ruwa za ka yi ta zubawa, mai yawa, kamar na minti 15, ido a buɗe, kada ka murza, sannan ka nemi asibiti.

TAMBAYA, daga wata ɗaliba a Rikkos: Baba, akwai zaki a Sahara? Kuma na ga bidiyon wani ƙaton gizo-gizo da aka ce yana bin mutane da gudu yana cin naman raƙumi.

AMSA: 'Yata, zaki ya daɗe da ƙarewa a Sahara. Abin da ya rage na masu farauta su ne dila, da sayaki, wato kura mai zane, da wata siririyar damisa mai gudu wadda ta kusa ƙarewa, ana samun 'yan kaɗan a wajajen Termit, inda Nijar ta keɓe gandun daji a 2012. Dukkansu gudun mutum suke yi. Abin da kika gani a bidiyo kuma yana nan da gaske, mai gashi ne, mai sauri, amma ba shi da dafi, ba ya cin raƙumi, ƙwari yake ci. In ya bi mutum da rana inuwarsa yake bi don zafi, da dare kuma hasken fitila ke jawo shi. Yana iya cizo idan an kama shi, sai a wanke da sabulu.

TAMBAYA, daga wani mai harkar dabbobi a karar Bukuru: Zan bi wani ubangidana sayen raƙuma a Agadas. Shanu na sani, raƙumi ban san shi ba. Akwai abin tsoro?

AMSA: Malam, akwai. Sa da ƙaho yake faɗa, kana ganin zuwansa. Raƙumi da baki yake yi, ga dogon wuya da ke kai shi inda ba ka zata ba, kuma yana harbi da ƙafa ta gaba da baya da gefe. Amale a lokacin barbara shi ne abin kiyaya. Za ka gan shi yana kumfa, yana gurnani, yana fito da wata jar tsoka kamar balan-balan ta gefen baki. Irin wannan yana kama hannu ko kafaɗa ya ɗaga mutum ya jijjiga, ƙashi ya farfashe. Kada ka tsaya kusa da kansa, kada ka shiga tsakaninsa da taguwa, ka bar akala a hannun mai shi har sai ka koya. Cizonsa ko ƙarami ne yana ruɓa, don haka a wanke sosai a je asibiti, a yi allurar tetanus.

Za a miƙo maka nonon taguwa da ɗuminsa, karamci ne, amma ka roƙa a tafasa. Ɗanyen nono na ɗauke da cutar da ke sa zazzaɓin da ke tafiya yana dawowa har watanni, da ciwon gaɓoɓi. Kaskar raƙumi ma kada ka fasa ta da farce kamar yadda aka saba yi wa ta shanu, domin tana iya ɗaukar wani zazzaɓi mai sa zubar jini. Ka duba jikinka kowace yamma, musamman hammata da matsematsi.

Sai kare da dila. Duk naman dajin da ka ga ya tunkaro mutane da rana tsaka ba tsoro, ka ɗauka mahaukaci ne. Idan ya ciji mutum, ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 cur, sannan a nemi allurar haukan kare a ranar, kada a jira alama, domin da zarar alama ta bayyana kusan babu mai tashi. Tunda kana Bukuru, Vom na kusa da kai, cibiyar binciken lafiyar dabbobi tana can tun 1924. Kafin ku tashi ka je ka ga likitan dabbobi, ka gaya masa raƙuma za ku shigo da su, ya faɗa maka abin da za ka duba a jikinsu kafin a biya kuɗi, da kwana nawa za ka ware su kafin su haɗu da shanunka.